Hanyar Bel

A cikin akwatin sifanonin Baba na ga cokalin shayi. Yana kwance tsakanin mai lamba goma sha biyu da mai lamba goma sha huɗu, an goge shi tas kamar sauran. Na kawar da kai, na ce masa motata ce take kuka.

"Wane irin kuka? Mota ba kuka ɗaya gare ta ba, Auta."

"Tsuwa take yi da safe idan na tayar. In na murɗa sitiyari sai ta ƙaru."

"Tun yaushe?"

"Mako uku."

Dogo ya leƙo daga ƙarƙashin wata farar mota. Shi ne yaron Baba na farko a garejin, yanzu har furfura ta cinye masa gemu, amma Maigida yake ce masa har gobe.

"Mako uku, 'yar bakanike guda," in ji shi. "A jami'ar ba a koya muku jin kunya ba?"

Na yi murmushi kawai. Dogo ya san abin da ya hana ni zuwa. Tun bara Baba ya fara mantuwa. Ya taɓa fita sayen burodi ya tsaya a bakin titi ya rasa dalilin fitarsa. Likita ya faɗi wani dogon suna, Yaya ya ce lokacin hutu ya yi. Baba ya gama sauraronsu, ya ce, "Sunan mutum kan ɓace mini, na yarda. Amma ranar da na riƙe wani abu na mota na rasa inda yake shiga, da ƙafata zan bar garejin, ba sai an kore ni ba." Baba kuwa ba ya magana biyu. Tun daga nan Dogo yake janye manyan ayyuka, ya bar masa juyen mai da duba taya. Na so in kai motar wani wuri a ɓoye, sai ga shi yau da safe Baba ya ji tsuwar da kunnensa a ƙofar gida, yanzu kuma yana tambaya kamar bai ji ba.

Ya ɗaga murfin injin ya ce in tayar. Tsuwar ta cika rumfar. Ya ɗauko gorar ruwa ya ɗiga kaɗan a kan bel ɗin yana cikin gudu. Kukan ya ɗauke ɗif, can kuma ya dawo.

"Kin ji? Da ƙarfe ne ke kuka, ruwa ba zai rarrashe shi ba. Kashe."

Ya sa babban yatsa ya birkito cikin bel ɗin. Duk ya tsattsage kamar diddigen manomi, bayansa kuma sai ƙyalli yake yi.

"Wannan igiyar da kike rainawa ita ke caja batir, ita ke juya famfon ruwa, ita ke sassauta miki sitiyari. Ta tsinke miki a hanya, inji ya ɗau zafi, shi ke nan."

Muryarsa ta dā ce sak. Har na ji kunyar tsoron da na zo da shi. Duk da haka, da ya juya ɗauko doguwar sifana, sai na zaro waya na ɗauki hoton injin, na mayar da ita jaka da sauri kamar na yi sata.

A garejin Baba wannan laifi ne. Bel ɗaya ne yake zagaya fuli shida, ƙananan gare-garen ƙarfen nan, ya bi ta kan wannan ya shige ƙarƙashin wancan. Kanikawa da yawa sukan zana hanyarsa a takarda kafin su cire. Baba bai taɓa yi ba. Dogo yakan ba da labarin ranar da Maigida ya yaga masa zanensa a gaban mai mota, ya ce hanyar bel a ka take, wanda ya rubuta ta ya koma ofis.

Baba ya danne fulin da ke ɗame bel ɗin, ya zare tsohon ya jefar gefe. Ya juya kowane fuli da hannu yana kasa kunne, ya ce lafiyarsu ƙalau. Ya gwada tsawon sabon da na tsohon. Sannan ya sunkuya ya rataya shi a fulin ƙasa, ya kawo shi sama, ya zagaya na batir.

Bel ɗin ya yi ragowa, yana reto.

Ya cire ya sake ta ɗaya gefen. Wannan karon bai kai ba. Ya cire. Ya tsaya riƙe da shi hannu biyu, yana kallon fulin nan shida ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi. Zufa ta gangaro ta bayan kunnensa ta shige wuyan rigar aiki.

"Maigida," in ji Dogo daga ƙarƙashin farar motar, "bel ɗin yanzu ba su da gaskiya. Wataƙila lambar ce suka ba mu ba daidai ba."

"Na gwada shi da tsohon."

Dogo ya koma bakin aikinsa. Na ji yana ƙwanƙwasa wani ƙarfe da ba ya bukatar ƙwanƙwasa.

Ni dai tun ina ƙarama ba ni da baki a gaban Baba. Na yi ta lissafi a zuci. In na yi shiru, zai tsaya a nan har azahar, masu motoci su fara taruwa suna kallo. In na nuna masa, ya san na yi shakkarsa tun bai taɓa sifana ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na buɗe hoton, na jingina wayar a jikin batir, na ja da baya ina kallon takalmina.

Ya daɗe yana dubawa. Sai ya sunkuya. Hannuwansa ba su manta komai ba: gefe mai tsaga a kan fuli mai tsaga, sumul ɗin bayan a kan mai sumul, ya danne, ya zura, ya saki a hankali. Ya bi kowane fuli da yatsa ya tabbatar bel ɗin ya zauna a tsakiya. Ko minti uku bai yi ba.

"Tayar."

Injin ya tashi lumui. Na murɗa sitiyari dama da hagu, shiru.

"Ka ji aiki," in ji Dogo, ya fito yana kaɗe wando. "Auta, sai ki kawo tukwici. Wannan a wani garejin sai an kwana ana yi."

Baba ya miƙo mini wayar. Yatsansa ya bar baƙin mai a gilashin.

"Yaushe kika ɗauka?"

"Kafin ka cire, Baba."

"Kafin na cire," ya maimaita, ya gyaɗa kai. "Kin yi daidai."

Ya rufe murfin injin. Ya goge doguwar sifanar da tsumma, ya durƙusa zai mayar da ita akwati, sai idonsa ya faɗa kan cokalin. Ya ɗaga shi, ya juya shi gaba da baya, ya sa a aljihu. Dogo ya fara ba ni labarin wani direba da ya ɗaure injinsa da igiyar shanya, yana yi yana ɗaga murya, idonsa na kan Maigida.

Baba ya tuɓe rigar aikin ya rataye a ƙusarta. Ya kwance makullin garejin daga cikin makullansa, abin ya ɗan ba shi wuya, ya ɗora a kan akwatin. Na buɗe masa ƙofar gaba ta motar, injin na ci gaba da aiki. Ya raɓa ta gefenta, ya tsallake kwatar bakin gareji, ya kama hanyar gida a ƙafa.