Shirun Rabi

Kitso ne sana'ata tun da na bar firamare a aji huɗu. Shi ya sa lokacin da Malama Maijidda, jami'ar lafiya ta ƙaramin asibitin unguwarmu a Daura, ta tashi neman matan da za su riƙa lura da masu ciwon damuwa a cikin gidaje, ta aiko a kira ni. Na ce mata ni ban iya magana ba, ko a Islamiyyar matan aure a sahun baya nake zama.

"Ba mai magana nake nema ba, Madina," in ji ta. "Ke kan mace yana wuni a cinyarki. Abin da za ki gani ni ba zan gan shi daga nan ba."

Mu uku ta koya wa aikin, ni da wata unguwarzoma da malamar Islamiyya. Idan mun ga alama, mu gaya mata, sannan mu nemo hanyar da mutanen gidan za su yarda a haɗu. Wannan na biyun shi ne mai wuya.

Rabi ƙawata ce tun muna yara. Mijinta Saminu dillalin awaki ne a kasuwar Mai'adua, kuma suna zaune lafiya. Da cikinta na fari ya tsufa aka dawo da ita gidan kakarta, Iya Maiturare, wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta. Ta haifi namiji. Ni na yi mata kitson suna, kuma ranar ban ga komai ba, gida cike da mata, mai jego kanta a ƙasa kamar yadda aka saba.

Da ta kwana ashirin aka kira ni in sake mata kitso. Na tarar da mata uku 'yan barka a tsakar gida, Iya tana ba su labari tana alfahari.

"Yarinyar nan ta gado ni. Ko kallon angona ba ta yi. Sai na ɗauko shi na ɗora mata a cinya, na ce ba shi mama, sannan za ta ba shi, fuska a bango. 'Yan zamani kuwa ɗan fari a goye har gaban suruki, suna kiran sunansa ƙato-ƙato!"

"Tarbiyya ke nan, Iya," in ji ɗaya daga cikinsu. "Tawa ranar suna har rawa ta so yi da shi."

Suka yi dariya. Ni ma na yi murmushi, na shige ɗaki.

Na fara tsefe mata kai. Gashin ya cukurkuɗe, da gani ba a taɓa shi ba tun ranar suna. Kwanon kunun kanwa yana gefe ya yi sanyi. Jaririn yana kan katifa, taku biyu daga inda muke. Can ya motsa ya fara kuka. Na ci gaba da aikina ina jira. Na yi wa masu jegon fari kitso ba adadi, na san yadda suke. A gaban manya kamar dutse, amma da an bar su da ni sai wuya ya fara juyawa, har in ce, tsaya mana, za ki karkatar min da tsaga. Wuyan Rabi bai motsa ba. Yaron ya yi ta kuka har Iya ta shigo ta ɗauke shi tana masa waƙa.

Na daɗe ina tattara maganar a bakina.

"Rabi, kina barci kuwa?"

"A'a."

"Abinci fa?"

Sai da na kitse layi biyu sannan ta ce, a hankali, "Madina, ba na jin komai a kansa. Kowa yana yabona. Ni kuwa idan ya yi kuka ji nake kamar ɗan maƙwabta ne. Wani lokacin sai in ce da ma ban tashi daga haihuwar ba, da sun samo masa uwa ta gari."

Na ƙarasa kitson, ban san yadda na ƙarasa ba, na wuce asibiti kai tsaye.

Malama Maijidda ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma ana warkewa, amma maganar nan ta ƙarshe ba a kwana da ita. Kada a bar Rabi ita kaɗai, kuma tana son ganinta gobe.

"Ba za a bar ta ta fito ba sai ta yi arba'in," na ce.

"To ni in je."

"Idan Iya ba ta yarda ba, a zaure za ki tsaya."

Da la'asar na koma. Iya tana bakin murhu tana iza wuta a ƙarƙashin tukunyar ruwan wanka, ganyen darbejiya a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce Malama Maijidda tana son ta zo ta duba Rabi, don kamar tana da damuwa.

Iya ta ajiye iccen hannunta.

"Damuwar me? Ta rasa ci ne ko sha? Ke Madina, daga kitso kin koma likita? So kike a ce jikata ta taɓu, dangin miji su ji? Kunya ce, ke ma kin fi kowa sanin kunya, ga shi ko idona ba kya iya kallo. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi. Har na kai zaure, takalmina a ƙafa, sai na tsaya. Idan na fita, gobe Malama ba za ta shigo ba, kuma Rabi za ta ci gaba da zama a ɗakin nan ana yabonta. Na cire takalmin na dawo na sake durƙusawa.

"Iya, tambaya ɗaya zan yi, in kin amsa in tafi."

"Ikon Allah. Yau bebiya ta yi baki. Ina jin ki."

"Lokacin da kika haifi ɗanki na fari, idan ɗaki ba kowa, ba kya kallonsa?"

Ta harare ni. Sannan bakinta ya ɗan motsa.

"Ke ba ki da ta-ido ashe." Ta juya icce a wuta. "Kallo kai. Har yatsunsa nake ƙirgawa. Rannan surukata ta shigo ta same ni ina shinshina wuyansa, na ce ƙuda nake kore masa. Har ta rasu tana min tsiya da ƙudan nan."

"To Iya, ki kwantar da shi kusa da ita, ki ce za ki shiga maƙwabta. Ki zo mu tsaya ta bayan taga."

"In yi wa jikata laɓe da tsufana?"

"Sau ɗaya, Iya. Idan ta ɗauke shi, ba zan ƙara zuwa da maganar nan ba."

Ta yi tsaki, amma ta miƙe. Ta kai yaron, na ji tana faɗa da ƙarfi cewa za ta karɓo rariya a gidan Hamma. Muka zagaya ta bayan ɗaki inda tagar take da labule mai yage. Ba a jima ba yaron ya fara kuka, don lokacin shan mamansa ya yi. Iya ta kanga ido a yagewar labulen. Ni ban leƙa ba, fuskarta nake kallo. Da farko tana murmushin mai jiran ta ci gardama. Kukan ya yi tsawo, ya koma shiƙewa. Murmushin ya tafi. Ta matsa ta ba ni wuri, na duba: Rabi tana zaune yadda aka bar ta, hannuwa a cinya, ido a bango, hawaye yana zuba ba ta share ba.

Iya ta riga ni shiga ɗakin. Ta ɗauki yaron ta miƙo min, ta zauna a ƙasa ta jawo kan Rabi ta ɗora a ƙirjinta.

"Ni na yi ta yabonki," take cewa. "Ni da bakina."

Da muka fito ta share fuska da gefen zane, ta koma Iyar da na sani.

"Malamar taku ta zo. Amma ki gaya mata, ban da farin kaya, ta sa hijabi kamar kowa. Ba za a fasa wanka ba. Rubutun da Malam Kalilu yake aiko mata ma ba za a fasa ba."

"Ba ta hana ko ɗaya, Iya. Ta ce addu'a da magani tare suke tafiya."

"Saminu fa? Wa zai gaya masa?"

"Na yi tunanin Malam Kalilu. Daga bakinsa zai fi zama."

"To ki biya ki gaya wa matarsa ta isar masa. Rabi kuma yau a ɗakina za ta kwana."

Na biya gidan Malam, na biya gidan Malama Maijidda, duk kafin magariba. Ban taɓa yin magana da mutane da yawa haka a rana ɗaya ba.

Washegari da hantsi muka zo tare, Malama cikin hijabi ruwan toka, jakarta a ciki. Saminu yana zaure, ya fasa zuwa kasuwa, ya gaishe mu kansa a ƙasa ya ce duk abin da ake bukata a gaya masa. Malama ta shiga wurin Rabi ta saki labule. Na zauna a tsakar gida da yaron a hannuna. Da farko muryar Malama kawai nake ji. Can sai na ji ta Rabi, ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tana ci gaba.

Aka yi sallama, wasu mata biyu 'yan barka suka shigo suka nufi ɗakin. Iya ta jawo kujerarta ta dasa a bakin ƙofa ta zauna.

"Mai jego tana da baƙuwa," ta ce. "Ku zo nan ku gaishe ni, ni ma ai na sha wahala."