Wanda Ya Wanke Rufa'i

Alhaji Dikko maƙaryaci ne, kuma ƙaryar da ta kayar da shi a kan mamaci ya yi ta.

Mutumin Maraɗi ne, yana da shagon turare da jallabiyoyi a titi na 116 a Harlem, amma a Bronx yake zaune, kusa da masallacinmu na Morrisania. Abu ɗaya yake nema a duniya, a naɗa shi kakakin masallacin, wanda zai riƙa tsayawa gaban 'yan jarida da jami'an birni yana magana da sunanmu. Kujerar ba kowa tun da mai ita ya koma Kumasi, an kuma sa zaɓe a ƙarshen Oktoban 2016. Dikko ya riga ya ɗinka babbar riga.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo daga wata tsohuwar makabarta a arewacin birnin. Wanda bai taɓa shiga irin wannan makabarta ba ba zai yarda ba. Akwai mamacin da kabarinsa ya fi ɗakin da muke haya a Grand Concourse faɗi, har da tagar gilashi, ko zai so leƙo waje. Ana zagayawa da baƙi a ƙaramar mota ana nuna musu kaburburan mawaƙa da attajirai, ana kiɗa a kan ciyawa, ana zama da shayi da kek ana hirar mutuwa. Ban ga laifinsu ba. Sun dai tuna da ita, mu kuwa da yawanmu sai ta shigo gida.

A shekarar sun shirya zama kowace Lahadi, kowace al'umma ta aiko wanda zai faɗi yadda take sallamar mamatanta. Daga wurinmu mai wankan gawa suka nema. Kowa ya san ko wane ne: Baba Abukari, dattijo daga zangon Kumasi, mai gadin wurin ajiye motoci, wanda ya shekara ashirin yana wanke mazanmu. Ba ya karɓar ko kwabo, kuma ba a taɓa jin ya faɗi abin da ya gani a jikin wani ba. Ƙa'idar aikin ke nan. Aibin da mai wanka ya gani amana ce, da ita za a binne shi.

Sai dai makullin akwatin wasiƙu a aljihun Dikko yake, don shi ya naɗa kansa mai buɗe su. Ya karanta, ya amsa da sunansa, bai gaya wa Baba Abukari ba. Mutumin da in an ce za a shiga ɗakin wanka sai wayarsa ta yi ƙara, wanda ba a taɓa ganinsa a jana'iza ba sai an fara raba shinkafa, shi ne ya zama mai wankan gawar Musulmin Bronx.

Ranar Lahadin da la'asar ya isa da babbar rigarsa. An jera kujeru a wani ɗakin taro na dutse, mutum kamar sittin, yawancinsu tsofaffin Turawa. Kafin ya hau, ya jingina wayarsa a kan kujera ya kunna ta kai tsaye a Facebook, ya kuma tura wa duk 'yan masallaci cewa su kalla. Yana so masu zaɓe su ga yadda kakaki yake magana.

Farkon jawabin ba laifi, don daga wani ɗan littafi ya haddace shi: a fara da dama, a wanke sau uku ko biyar, a sa kafur a ruwan ƙarshe, a naɗe da farin ƙyalle. Amma ya lura wasu sun fara duba agogo. Da matar da ta shirya taron ta tambaye shi ko akwai wankan da ba zai manta ba, sai ya gyara tsayuwa ya ce akwai, na wani direban tasi mai suna Rufa'i da ya rasu cikin sanyin bara. Ya ce da hannunsa ya wanke shi. Ya kwatanta yadda cikin ya kumbura, da ɗinkin da asibiti ya bari a ƙirji, da warin da ya kori kowa daga ɗakin ya bar shi shi kaɗai. Ya ce ya yi kuka. Ya ma nuna musu yadda ya yi kukan. Wata tsohuwa ta ciro hankici. Aka tafa.

A layin baya, kusa da ƙofa, Zalika na tsaye riƙe da keken guragu. Aikin kula da tsofaffi take yi a gidaje, tsohuwar da take kulawa kuwa mijinta na kwance a makabartar, ba ta fashin zaman Lahadi. Zalika matar Rufa'i ce. Ta san wanda ya wanke mijinta, ta kuma san inda Dikko yake a ranar: cikin mota a waje, ya kunna na'urar ɗumama motar, wai mura ta kama shi.

Da aka ba da damar tambaya ta ɗaga hannu. Ba ta yi Turanci ba, don ba ta so baƙi su ƙara jin komai a kan mijinta.

"Alhaji, ni ce matar Rufa'i, ko ka manta. In kai ka wanke shi, ka tona asirin mamaci a gaban baƙi don a tafa maka. In ba kai ba ne, ka yi masa ƙarya yana kwance a kabari. Wanne ne? Ka zaɓa, ina jira."

A hankali ta yi maganar, ba ta ɗaga murya ba, har Turawan suka sunkuyar da kai, sun ɗauka addu'a take yi. Wani dattijo a gaba ya ce amin. Mai shirya taron ta roƙi Dikko ya fassara musu waɗannan kalmomi masu daɗi. Ya share gumi ya ce addu'a ce irin ta gida, ba ta fassaruwa.

"To Allah ya karɓa, Alhaji," in ji Zalika. Ta juya keken ta fita.

Turawan ba su ji komai ba. Wayar da ke kan kujera ta ji, kuma mutum ɗari da wani abu suna kallo daga Bronx, Hausa ce yarensu.

Bayan sallar Juma'a kwamitin masallaci ya zauna. Liman ya tambayi Baba Abukari ko shi ya wanke Rufa'i, ya ce shi ne. Ya tambaye shi ko abin da Dikko ya kwatanta gaskiya ne.

"Ni ban ga komai ba, Malam," in ji shi.

Aka sake tambaya, ya sake ba da amsar. Daga nan aka juya kan Dikko da tambayar Zalika. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce wa'azi ya je yi, ya ce Bature ba ya gane abu sai da misali, ya ce ai sunan Musulunci ya ɗaga. A ƙarshe ya zaɓi ya amsa cewa ƙarya ya yi, a ganinsa ita ce mai sauƙi. Wani ya kawo shawara a sa shi ya riƙa riƙe wa Baba Abukari buta, ko ya koyi aikin da ya ce nasa ne. Dattijon ya ƙi. Ya ce mamatan ba su yi wa kowa laifi ba.

An cire sunan Dikko daga takara. An karɓe makullin akwatin wasiƙu. An sa shi ya je ya roƙi Zalika gafara a gaban shaidu biyu, an hana shi makirfo a masallaci. Har shekara guda, duk ranar da aka yi wanka, bayan an fita da mamaci, shi ke wanke bokitai da goge ƙasa.