Kwaɗon Tafasar A'i

Mas'uda, autar Mainassara, ta sauka daga kabu-kabu a ƙauyensu Kwaya da hantsi, da ledar omo da sukari, da kuma maganar da ta kawo ta. Malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Magarya, kuma ta saba idan ta yi magana yara su yi shiru.

"Baba, an ce idon Inna ya yi yana. In gaskiya ne, tafiya zan yi da ita, ta zauna wurina."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Mutanen Kwaya ba su da aiki," in ji Mainassara.

Ya san gaskiya ce. Tun bazara ya ga matarsa A'i tana laluben ludayi alhali yana gabanta. Ya kuma san in ta shiga gidan siminti na Magarya ba dawowa za ta yi ba, kuma abin nan yana ba shi tsoro ƙwarai. Shi dai bai faɗa wa kowa ba, har ita.

A'i kuwa ta ji komai daga madafa. Don ta nuna ita ƙalau take, ta ɗauki ƙwarya ta fita bayan gari ita kaɗai. Damina ta zauna, tafasa ta yi kore shar ko'ina. Ta dawo da ganye cike da ƙwarya, ta dafa da 'yar kanwa, ta tsane, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono, ta yanka albasa, ta zuba man gyaɗa. Ba ta ɗanɗana ba, azumin Alhamis take yi.

Aka kai wa maigida akushi a zaure, Mas'uda ta biyo da ruwa ta zauna gefe. Lomar farko Mainassara ya gane. Rai-ɗore ne, fiye da rabi. Shi da tafasa tare suke fitowa, sai dai ganyensa mai tsini ne, nata kuma mai zagaye. Yarinyar da ba ta fara salla ba ma ta san wannan. Ga ɗaci, ga wani wari, abin da ko akuya sai ta sunsuna ta wuce.

Ya haɗiye. Ya sake kai loma.

"Baba, ɗan sam mini. Na yi kewar kwaɗon Inna."

"Naki na ciki."

Nan ya tuna lallai akwai nata a ciki. Ya ƙwala wa A'i kira, ya ce a juyo masa sauran duka, yau yunwa yake ji, baƙuwa a dama mata fura. Mas'uda ta dube shi. Tsohon da tuwo malmala ɗaya ke isarsa, ga shi yana gumi a kan akushi na biyu, ido ya yi ja.

"Barkono ne?"

"Barkono ne. Uwarki ba ta wasa."

Ya suɗe akushin tas, har ya kai yatsa gefe-gefe.

Kafin la'asar ya zaga bayan gida ya fi a ƙirga. Duk fitowa sai ya ce gero ya je dubawa. Mas'uda ta ce ashe geron bana yana son kulawa. Ta ga uwarta ta yi girki, ta ga ubanta ya cinye, ta ce to, za ta sake leƙowa da kaka. Kabu-kabu ya zo ya ɗauke ta.

Tun suna amarya da ango Mainassara bai taɓa mayar da akushi ba sai ya rage wa A'i loma biyu a gefe. Da aka kira magariba, A'i ta sha ruwa, ta jawo akushin, ta sa hannu inda lomarta take zama. Ba komai. Ta jawo na biyu, shi ma haka. Ta goga yatsa a gindinsa ta kai baki.

Mainassara yana kan buzu, riƙe da ciki, yana kallon kaji suna hawa rumbu. A'i ta ji ɗacin, ta ajiye akushin ta juyo wajensa.

"Malam."

"Na'am."

"Gobe in za ka gona, mu biya ta bayan gari."

"To."

"Kai za ka tsinka. Ni in riƙe ƙwarya."