Hanyar da Aka Shimfiɗa wa Darmuji

A shekarar da aka gyara hanyar tasha, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wata tsaka mai wutsiya biyu da ke zaune a bayan allon sanarwar aikin. Kullum sai na je na duba ta. Ba ni da wani abin yi a lokacin, domin an riga an tashe mu daga bakin hanyar, ni da kayan facina, da Yu Ginah mai shayi da soyayyiyar ayaba, da masu keken haya da ke jiran fasinja. An ce mu koma sabuwar kasuwa a bayan gari. Na je na gani, na tarar ba keken da ke bi ta can balle tayarsa ta fashe. Na dawo gida na jingine famfona.

Ba wanda zai ce gyaran bai kamata ba. Hanyar ta taso daga filin tsakiyar gari ta miƙe har ƙofar tashar jirgin ƙasa, amma a da ba ta biyuwa da ƙafa. Kwata a buɗe take, saiwar tsamiya ta ɗaga siminti, babura sun cika inda mutum zai taka. Da damina har matafiya sun sha faɗawa rami da jakunkunansu. Sai aka ce za a yi wa masu ƙafa nasu gefen, a yi wa masu keke nasu.

Mutum ɗaya ne ban taɓa ganin ya faɗa kwatar nan ba, shi ne Darmuji makaho. Ya girme ni, shi ya sa nake ce masa Kang. Sana'arsa tausa. Ɗakinsa yana bayan masallacin fili, kuma kowace safiya yakan naɗe tabarmarsa ya rataya, ya ɗauki sanda, ya tafi barandar tasha inda 'yan dako da matafiya masu ciwon baya ke kwanta masa. Ba ya yarda a riƙe masa hannu. Ya taɓa ce mini lalacewar hanyar ita ce idonsa. Inda kwata ta fi wari, ya san ya zo shagon aski. Inda saiwa ta taɓa masa yatsa, ya san ya ratse dama. In ya ji ƙamshin man Yu Ginah, ya ci rabin tafiya. In kuma ya ji ina buga sifana a tsohon ƙarfen ƙafar keke da na rataye a tsamiya, to saura ya tsallaka titi.

"Parlan," yakan ce in ya iso wurina, "yau ƙusa nawa ka watsa a hanya don ka samu ciniki?"

"Kang, kai da kake murɗe wa mutane jijiya don su dawo gobe?"

"Ni aƙalla suna yi mini godiya."

Watannin da aka yi ana haƙa, ni nake goya shi a bayan kekena mu bi ta lungu. Bai so ba. Yakan ce, "Ka tuƙa a hankali, kai, ni ba buhun shinkafa ba ne." In na sauke shi sai na dawo wurin ma'aikata na zauna kallo.

Ma'aikatan mutanen ƙauyukan kan tudu ne, shugabansu wani mai fara'a da ake kira Pak Kasdi. Aka sare tsamiyoyin, aka rufe kwata, aka shafa wa gefen masu keke koren fenti. Sannan motar tayil ta zo. Yawancinsa ruwan toka ne, amma akwai wani rawaya mai 'yan tudu-tudu dogaye a bayansa. Na shafa shi da hannu na ji kamar haƙarƙarin akuya. Pak Kasdi ya sa aka fara jera rawayan a miƙe, ya ja baya ya duba, ya girgiza kai. Mahaifiyarsa mai rina zanen batik ce, ya tashi a cikin tukwanen kaki da baba, kuma garinmu da zane aka san shi. Ya ce ba zai yi wa garin masu zane ado kamar bakin tabarma ba. Sai ya sa aka tayar, aka jera shi a karkace, ya tafi hagu ya karyo dama, ya sake komawa hagu, irin zanen da ango ke ɗaurawa. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yaba. Ni kam har kan gadar masu tsallaka layin dogo nakan hau don in gan shi daga sama. Yana da kyau ƙwarai.

Ranar buɗewa aka yi kiɗa, aka kawo tulin shinkafa rawaya a faifai, manyan gari suka hau sababbin kekuna da hulunan roba. Wata yarinya daga ofishin aikin ta nemo Darmuji don a ɗauke su hoto. Ta durƙusa ta ɗora masa ƙafa a kan rawayan tayil, tana ce masa Mbah, wato Kaka.

"Mbah, ka ji wannan? Saboda ku aka sa shi. Ka bi shi da tafin ƙafa kawai, zai kai ka har ƙofar tasha."

Da ta miƙe ne ta kai dubanta can ƙarshen hanyar. Ina jin a ranar ta fara ganin aikin da idonta. Pak Kasdi yana gefe da faranti a hannu, ya daina tauna. Daga baya ta ce a hankali, "Za a gyara, Mbah. In an shiga sabuwar shekara."

"Allah ya kai mu, 'yata," in ji Darmuji.

Washegari ya fita shi kaɗai. Ya fara gwada tafiya irin ta da, sandarsa tana neman bakin kwata, ba ta samu ba. Ba wari, ba saiwa, ba ƙamshin mai. Ko'ina sumul, ko'ina iri ɗaya. Ya ɗan yi gaba sai ga shi a kan koren fenti, ƙararrawar kekuna ta ko'ina. Su kekuna ba su da ƙugi irin na babur, sai sun zo dab da mutum yake jin su. Wani ya kamo shi ya maido shi gefe. Daga nan ya cire takalmansa ya soke su a cikin tabarma, ya lalubo rawayan tayil, ya bi. Ya tafi hagu har bakin bango, ya juyo dama har bakin titi, ya sake juyawa. Wanda bai san shi ba cewa zai yi tangaɗi yake. Wani ya ɗauki bidiyonsa a waya, kafin la'asar har ya kai ga Yatmi, 'yar Darmuji, a birnin Semarang.

Ina ɗakinsa ta bugo. Muryarta tana fitowa har inda nake zaune.

"Bapak, na gani. Duk unguwarmu sun gani. Ranar Lahadi zan zo in tafi da kai."

"Tafi da ni ina? Ni kaya ne?"

"Akwai ɗaki a nan. Jikokinka suna tambayarka. So kake sai keke ya karya ka sannan a kira ni?"

"Shekarun da na yi ina bin hanyar nan sun fi naki a duniya."

"Waccan hanyar babu ita, Bapak."

Ya murza gemunsa. Sannan ya ce, "To, ji nan. Jirgin safe za ki biyo, ko? In na iso tasha na same ki, ni kaɗai na kai kaina, ba wanda ya taɓa ni, za ki ci abinci ki koma ki bar ni. In ban kai ba, na bi ki."

"Kawuna, Lik Parlan, yana nan? Lik, ka ji shi ko? Kada ka goya shi. Na san ku."

"Na ji," na ce.

Da ta kashe, ya ce mini, "Kai ma ka ji. In ka matso kusa da ni zan gane, warin gam ɗin faci bai bar jikinka ba."

Ranar Lahadi gari ya waye da rana mai kyau. Masu keke suka cika koren gefen, iyaye da 'ya'yansu, da 'yan makaranta masu sauri. Wani dattijo ya wuce da kejin tsuntsu a lulluɓe da zane a bayan kekensa, tsuntsun yana ta kuka a ciki, ban san wa yake yi wa ba. Na fito da tsohon ƙarfena da sifana a cikin buhu. Na yi tunanin bugu ba taɓawa ba ne. In na tsaya a tsohon wurina na buga, Darmuji zai san inda yake, ya bar bin tayil, ya miƙe kawai.

Na turo kekena ina neman wurin. Na tsaya gaban wani benci na ce nan ne, sai na ga shagon aski ya yi kusa da yawa. Na ƙara gaba na tsaya gindin wata fitila, nan ma ban tabbata ba. An dasa ƙananan itatuwa a tukwanen siminti, kowace tukunya kamar 'yar'uwarta. Inda na zauna tun ina da baƙin gashi, na rasa shi da idona biyu. Na tsaya riƙe da sifana. In na buga a wurin da ba shi ba, zai tsallaka a inda ba a tsallakawa. Ban buga ba.

Can na hango shi yana tahowa, ba takalmi, tabarma a kafaɗa. Hagu, dama. Mutane suna kauce masa. Wasu sun yi dariya da farko, da suka ga fuskarsa suka bari. Rana ta gasa tayil, ina ganin yadda yake ɗaga ƙafa da sauri. Ya wuce ta gabana bai juyo ba. Na ji jirgin ya yi kuka, ya shiga tasha, ya tsaya, ya sake tashi, shi kuwa bai fasa ba, bai kuma ƙara sauri ba. Na bi shi daga nesa.

Yatmi ta fito ta tsaya a ƙofar tasha da jaka a hannu. Tana kallon mahaifinta yana zuwa gare ta yana kaucewa, yana zuwa yana kaucewa. Sau ɗaya ta ɗaga ƙafa za ta taho, ta fasa. Har ya iso inda rawayan tayil ya ƙare, sandarsa ta bugi matakala.

"Yatmi?"

"Ga ni, Bapak."

"Na makara."

"Ba ka ce da lokaci ba. Ka iso, kai kaɗai. Na gani." Muryarta ba ta da daɗi ba ta da ɗaci. "Zan koma da na yamma."

Ya zauna a kan matakalar ya shafa tafin ƙafarsa. Na matso, tunda an gama. Na zaci zai yi mini gori, ko ya ce in sayo shayi mu yi murna. Bai ce ba. Ya daɗe yana shafa ƙafar.

"Parlan, mun wuce shagon aski?"

"Tun tuni, Kang."

"Ban ji shi ba. Ban ji komai ba, daga fili har nan. Ƙafafuna sun kawo ni, amma ban san ta inda na biyo ba." Ya juya wajen 'yarsa. "Ɗakin naki a ƙasa yake ko sai an hau bene?"

"A ƙasa."

"To, sayi tikitina."

"Bapak, ai ka ci. Ba sai ka..."

"Na sani. In dai ja na za a riƙa yi, gara 'yata ta ja ni da tayil ya ja ni."

Ba wanda ya yi kuka. Yatmi ta shiga wurin tikiti. Shi kuma ya miƙo mini makullin ɗakinsa, ya ce in kwaso masa tufafinsa da kwalbar man tausa da rediyo, sauran in ba ladan ya raba.

Na hau kekena na bi koren gefen, karo na farko. Ba rami, ba gargada, ban ko taka birki ba sai ga ni a fili. Na ɗaure kayan a baya na dawo, nan ma haka. Na same su zaune a baranda suna cin shinkafa a ganyen ayaba. Wani ɗan dako ya zo ya ce ko za a ɗan danna masa kafaɗa kafin jirgi, Darmuji ya shimfiɗa tabarma ya yi masa, bai yi masa hira ba.

Da jirgin yamma ya zo, Yatmi ta miƙa masa gwiwar hannunta, ya kama. A bakin ƙofa ya ce, "Parlan, ka rage watsa ƙusa."

"To, Kang."

Suka shiga. Na tsaya har jirgin ya sha kwana ta bayan gonakin rake. Sannan na turo kekena na fito, na tarar an fara kiran la'asar, na tafi masallacin tasha.