Famfon Baba Kwanturola

"Ku matsar da ni kusa da famfon," in ji shi. Ni da 'yarsa muka ɗaga kujerar, da shi a kai, har bakin famfon tsakar gida. Ba shi da nauyin kirki. Ciwo ya gama cinye shi.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin da ɗaya yana ɗakin sarrafa injuna a gidan ruwa, shi ke kunnawa, shi ke kashewa, shi ya sa duk layi ke ce masa Baba Kwanturola. Da ya yi ritaya aka sa kwamfuta a gurbinsa, daga baya kuma aka ba 'yar tasa, Injiniya, kula da ita. To, sati uku ke nan famfunanmu na kan tudu ba sa kawo komai sai iska, babban bututu ya fashe sau biyu, kuma an gaya mata in ya yi na uku ta bar aikin. Ni kaina na yi tsegumin yarinyar nan, ba zan ɓoye ba.

Ya sa ta buɗe famfon, ya jingina kunne da ƙarfen, ya rufe ido. Famfon ya yi ta tari.

"Kwamfutar taki gaggawa gare ta," ya ce. "Tana tayar da inji na biyu iska ba ta gama fita ba."

"Baba, haka littafin injin ya ce. Daƙiƙa goma."

"Littafin bai taɓa hawa tudunmu ba. Ni sai na ƙirga casa'in."

Ta suri jakarta, ta nufi gidan ruwa. Ya bi ta da ido har ƙofa, ya ce mini ita ta fi shi ilimi, kunne ne kawai bai gama nuna ba. Ban taɓa jin mutum ya yi alfahari da ƙaramar murya haka ba.

Da hantsi washegari tarin ya tsaya, ruwa ya zubo, santal. Na shiga da gudu in gaya masa, na tarar ya riga ni ji, yana murmushi. Kafin azahar ya cika.

Da ruwan famfon nan aka yi masa wanka. Injiniya ce ta tara bokitin da kanta, tana tsugune, leɓɓanta na motsi. Da na matso sai na ji ƙirga take yi.