Rabin Ƙwaya

Likita ya kashe 'yar fitilar da yake haska mata ido, ya koma kujerarsa. Tela ta ci gaba da ganin wani koren haske yana yawo a bango.

"Ciwon ya ci gaba," in ji shi. "Tun da ƙanjamau ya karya miki garkuwa wannan ƙwayar cutar ta samu ƙofa. Ta cinye idon hagu, ga shi ta kama na dama, kuma maganinmu ya daina yi mata komai. Baiwar Allah, kina shan sa yadda aka ce?"

"Ina sha."

"Cikakke?"

Ta dubi ƙasa.

"In ana ba ƙwayar cutar magani kaɗan-kaɗan ba ta mutuwa, sabawa take yi. Saura magani guda, na ƙarin ruwa. Sai mun kwantar da ke gobe. In aka jinkirta, wannan idon ma sai haƙuri."

Ta ce to, kamar an gaya mata kalar zaren da za ta sayo.

*

Mijinta direban motar haya ne. Rana ɗaya aka gwada su, sakamako ɗaya aka ba su, amma bai sake taka asibitin ba. Ɗakin karɓar magani yana fuskantar titi, abokan aikinsa kuma nan suke sauke fasinja.

"Su gan ni a wannan layin? Wa zai sake shiga motata?"

Ita ta riƙa bin layin. Da ya fara cewa yana ganin ƙudaje suna yawo a gilashin mota, alhali babu ƙuda, ta gane ciwon, don da haka nata ya fara. Sai ta ɗauko rezar da take warware ɗinki da ita. Kowace safiya takan ɗora ƙwayoyin a kan keken ɗinki ta tsaga su biyu, ta lakace garin da ya zuba ta lashe.

"Hannunki da adalci, Tela," yakan ce yana dariya. "Ko alƙali sai haka."

Ta ɗauka aure ke nan. Abinci ma ai rabawa suke yi.

*

Da ta dawo daga wurin likita ta same shi a tsakar gida yana wanke ƙafa, hannun rigarsa duk baƙin mai. Ta zauna a bakin ƙofa ta faɗa masa komai, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. 

"Kin ce wa likitan da ni kike raba maganin?"

"Ban ce ba."

Ya sauke numfashi, ya ajiye butar.

"Allah ya yi miki albarka. Za ki warke, in sha Allahu."

"Maigida, ka bi ni gobe. Kai ma a duba naka."

"Gobe ina da lodi."

Ya daɗe yana goge yatsun ƙafarsa da tsumma. Can ya yi ƙasa da murya don kada maƙwabta su ji.

"Shi wannan na ƙarin ruwan, ba a ba da shi a zo da shi gida?"

Ta ɗaga kai ta dube shi da idon da ya rage. Ga hularsa, ga kunnuwansa, ga igiyar shanya a bayansa. Tsakiyar fuskar ce babu, sai wani toka-toka kamar inda aka goge allo. Ta ci gaba da kallon wurin, shi kuma yana jiran amsa.