Ambulan Ɗaya, Suna Ɗaya

Ranar da aka yi wa 'yata Adelia baftisma, tun ba a kawo kofi ba kakanninta biyu suka gama shawara a kanta. Babana Oronzo, mutumin Lecce, da surukina Baba Onofrio, mutumin Bari, duka a kudancin Italiya, suka tafa a saman farantan abinci cewa duk wanda ya ƙare sama da ɗan'uwansa a gasar fantacalcio ta bana, wato gasar ƙwallon ƙafa ta kan takarda, shi zai ɗauki yarinyar zuwa filin wasan garinsu a wasan farko na kaka mai zuwa, sanye da rigar ƙungiyarsa. Fari da ja in Bari ce, rawaya da ja in Lecce ce.

Na ce ban yarda ba. In watan Agusta ya zo, Adelia ba ta ma cika shekara da rabi ba. Na san filayen nan biyu: ganguna, hayaƙi, rana tsaka, ga dubban maza suna zagin alƙalin wasa da murya ɗaya. Yarinyar da ko injin markaɗe na kunna sai ta zabura.

"Ke ma wata tara gare ki na kai ki, Imma," in ji Baba.

"Shi ya sa Mama ta yi mako biyu ba ta kula ka ba."

Aka yi dariya, amma ba wanda ya janye. Ina iya kafewa in ce 'yata ce, magana ta ƙare. Sai dai shekara uku da aurena da Sabino, wannan ne karo na farko da iyayenmu maza suka yarda da juna a kan wani abu, kuma na san wanda duk na hana, zai ce don ɗayan na hana shi. A makon ne ƙanena Donato ya sami aiki a Torino ya bar ƙungiyarsa ta gasar ba mai kula. Na ce ni zan karɓa, da sharaɗi guda: in na ƙare sama da su biyun, ba mai kai Adelia filin wasa sai ta shekara bakwai. Suka amince da sauri, har Baba Onofrio yana share hawayen dariya da tsumman teburi.

Mu takwas ne a gasar, huɗu 'yan Bari, huɗu 'yan Lecce. Kowa da ƙungiyarsa ta takarda, 'yan wasan gaske da ya saya a gwanjo da kuɗin wasa, duk mako a haɗa makin da jarida ta ba su, ƙwallo ɗaya kuma ƙarin maki uku. Shugabanmu Kawu Cosimo ne, mijin gwaggona, mai aski a Brindisi, wanda aka zaɓa don garinsa na tsakiya kuma shi tseren keke kawai ya sani. Na koyi abin ina shayarwa, waya a hannu ɗaya. Zuwa Fabrairu ina ta biyar, Baba na ta huɗu, Baba Onofrio na ta uku. Sai ɗan wasan gabana, wanda ke ciyar da ni, ya ji rauni a gwiwa.

Dama ɗaya ta rage, wato ranar ambulan. Sau ɗaya bayan kasuwar 'yan wasa ta Janairu ake tayin 'yan wasan da ba su da ubangida a cikinmu. Dokarmu kuwa tsohuwa ce: kowa ambulan ɗaya, suna ɗaya, tayi ɗaya. Wanda ya fi tayi ya ɗauka, wanda aka fi ya koma gida hannu rabbana. Ni talatin da takwas ya rage mini, Baba arba'in da biyar, Baba Onofrio hamsin da biyu.

A bana kowa ya san sunan da ke bakin mutane. Caldarulo. Haifaffen tsohon garin Bari, wanda ya tashi ya tafi ya yi wa Lecce wasa shekara uku, ya fita waje, yanzu ya dawo wata ƙungiya a arewa yana zura ƙwallo kamar an aiko shi. Bayansa sai wani gola ɗan Slovenia mai suna Brezovar.

Mako guda wayata ba ta huta ba. A zauren gasar Baba Onofrio ya rubuta: "Yaron nan a bayan cocinmu aka haife shi. Hamsin da biyu, ku ajiye biro." Baba ya mayar: "Mu muka koya masa ƙwallo bayan kun cika shi da ɗanyen kifi. Gida zai dawo." Baba Onofrio ya ce masu karya kumallo da kek ba su isa ba. Haka dai.

Sabino, wanda shi ma yana cikin gasar yana ta bakwai, ya zaunar da ni a kicin ranar Alhamis.

"Imma, ki yi hankali. Duk sun fi ki kuɗi. In kika rubuta Caldarulo kin yi asarar ambulan. Akwai wani ɗan gaba da ba mai so, yana ɗan taɓukawa. Ki ɗauke shi da biyar ki huta."

"Kai wa za ka rubuta?"

"Ba a tambaya."

"Caldarulo?"

Ya kalle ni kamar na ce ya yi sata a coci. "Ni? A gaban Baba?"

Maganar ta zauna mini. Washegari na kai Adelia wurin surukata Mama Porzia, na tarar tana murza taliya da babban yatsa, Baba Onofrio yana kujerarsa yana cika baki. Na saurara da kyau. Ya ce "yaron nan," ya ce "wancan," ya ce "ɗan gidan mai gyaran raga." Sunan bai fita daga bakinsa ko sau ɗaya ba. Da ya tashi, na tambayi Mama Porzia dalili.

"Tun ranar da ya sa rigar rawaya ba a kiran sunansa a gidan nan," ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba. "Miƙo mini garin can."

Na Baba kuwa ba sai na tambayi kowa ba. Na girma ina jin gwanjonsa ta bayan ƙofa. Ya sayi 'yan Brazil, ya sayi 'yan Milano, ya sayi wani gurgu da ya yi shekara bai buga ba. Ban taɓa jin ya sayi haifaffen Bari ba.

Abin da Sabino ya manta ya faɗa, don ya saba da shi, shi ne yadda Kawu Cosimo ke buɗe ambulan. Ba a ɓoye yake yi ba. Tsayawa yake a tsakiyar shago, ya kira sunanka, ya karanta wanda ka taya da ƙarfi, a gaban kowa.

Ranar Lahadi da hantsi muka cika shagon askin. 'Yan Bari sun zo da burodinsu focaccia, 'yan Lecce da kek ɗinsu pasticciotto mai ɗumi, kowane ɓangare yana cin na ɗayan yana kushewa. Na zauna bakin ƙofa inda iska take, Adelia a cinyata, na hana Baba ya ba ta kirim a yatsa. Ambulan takwas suna cikin kwanon wanke kai.

Kawu Cosimo ya sa tabarau, ya yage na farko da reza.

"Onofrio. Brezovar, hamsin da biyu."

Baba ya miƙe tsaye.

"Gola? Kai da ke da gola uku? Ina yaron bayan cocinku?"

"Na bar maka shi, surukina. Ba ka ce gida zai dawo ba?"

"Oronzo," in ji Kawu Cosimo, ya ɗan dakata don ya ji daɗin abin. "Brezovar, arba'in da biyar."

Aka fashe da dariya har mai shagon gefe ya leƙo. Kowannensu ya yi mako guda yana zuga ɗayan ya zubar da kuɗinsa a kan Caldarulo, don shi ya ɗauke golan cikin sauƙi. Baba ya tashi ba ko ɗaya, ya zauna a kujerar aski yana fifita da hularsa. Ambulan biyar suka biyo baya, har da na Sabino: masu tsaron baya, ɗan tsakiya, wani ma golan ya sake taya.

"Imma." Kawu Cosimo ya kalle ni ta saman tabarau. "Caldarulo, talatin da takwas."

"Da ɗaya ma da kin samu!" wani ya yi ihu daga baya.

"Me zan yi da sauran? Madara zan saya?"

Baba ya dafa ƙirji. "'Yar cikina. Ɗan Bari a ƙungiyar Donato."

"Maci amana a gidan ɗana," in ji Baba Onofrio, yana kallon Sabino. "Da saninka?"

"Wallahi Baba, hana ta na yi."

A mota muna komawa, muka wuce Fasano. Sannan Sabino ya ce, a hankali, shekara biyu yana son sayen yaron nan.

Kada in yi ƙarya, ban ji daɗin makonni ukun da suka biyo baya ba. Caldarulo bai ci ko ɗaya ba, har katin gargaɗi ya kwaso mini. Baba Onofrio ya aiko da hoton wata 'yar riga fari da ja da ya gani a kanti, yana tambaya ko lambar Adelia ce. Na dinga duba farashin abin toshe kunnen jarirai, ina jin haushin kaina. A mako na huɗu yaron ya ci biyu. Daga nan ya buɗe. A Afrilu na wuce Baba, wanda rashin gola ya dinga zubar masa da maki, ya kuma daina ɗaga wayata ranar Litinin.

Baba Onofrio ne ya ƙi kamuwa. Muka shiga makon ƙarshe yana gabana da maki uku da rabi. Ran Asabar 'yan wasanmu suka tashi kunnen doki. Ya rage wasa ɗaya ranar Lahadi da la'asar, ƙungiyar Caldarulo da ta Brezovar.

A gidan surukaina muka kalla, bayan cin abinci. Baba ya tuƙo tun daga Lecce, wai ya zo ganin jikarsa ne. Na rage ƙarar talabijin da kaina, na riƙe abin canja tasha a aljihu, don Adelia na barcin rana a ɗakin gefe. Na gargaɗe su cewa duk wanda ya tashe ta shi zai yi jijjiga.

Har minti na saba'in ba ci. Brezovar ya kaɗe biyu da ba a kaɗewa, Baba Onofrio yana sumbatar yatsunsa. Sai aka ɗago wata ƙwallo daga dama, Caldarulo ya tare da ƙirji, ya juya, ya narka ta da hagu ta wuce ta ƙarƙashin golan.

Ban motsa ba. Wanda ya yi tsalle Baba Onofrio ne.

"Caldarulo! Ɗan unguwarmu! Kun ga hagun nan? A kan dutsen titinmu ya koye ta!"

Ya tsaya hannuwa a sama. Mama Porzia ta ajiye kofin da ke hannunta tana kallonsa. Daga ɗakin gefe kuka ya tashi.

"Mu muka gyara masa ita," in ji Baba, ƙasa-ƙasa.

Na nuna wa Baba Onofrio ƙofar ɗakin. Ya sauke hannu ya tafi, ya ƙarasa wasan yana zagaya falo da yarinya a kafaɗa, bayansa ga talabijin.

Uku nawa, ɗaya an cire masa don an ci golansa, na wuce shi da rabin maki. Amma sai jarida ta fitar da makinta, kuma golan ya yi ƙoƙari ƙwarai. Ban amince da komai ba sai da safiyar Litinin, ina dama wa Adelia abinci, saƙon Kawu Cosimo ya shigo. An ba golan bakwai, an ba Caldarulo bakwai da rabi. Ni ce ta uku, Baba Onofrio na huɗu da tazarar maki ɗaya, Baba na shida.

Ba a yi minti goma ba waya ta yi ƙara.

"'Yata, shekara bakwai ɗin nan," in ji Baba Onofrio, "in ta shiga ta bakwai ne, ko in ta cika?"

"In ta cika, Baba."

"Filin atisaye fa? Ba ganguna, ba kowa, sai tsofaffi irina."

"Fili ne."

Ina jin Mama Porzia tana dariya a bayansa.

"To ranar Laraba zan zo in kai ta bakin teku ta ga jiragen kamun kifi. Wannan ma sai an yi ambulan?"

"A'a. Amma kafin rana ta yi zafi, kuma da hula."

"Wace kala?"

"Kore," na ce, na katse, don Adelia ta kifar da kwanon a kan kujerarta.